Ranar Da Na Yanke Kukan Aminiyata

 Da yawanmu idan muna kallon fim, jarumi da jaruma kawai muke gani, ba ma tunawa da wanda ya zauna a ɗaki yana tace hoton. To ni dai na hau wannan kujera, kuma wallahi ta fi ta gaban kyamara zafi.

A ajinmu na koyon aikin fim aka ce kowane rukuni ya kawo fim na minti 10. Labarinmu na wata yarinya ce da za a cire daga makaranta a yi mata auren dole. Kwana huɗu muna ɗauka, muka tashi da hoton kusan awa uku, aka danƙa mini tacewa.

A zamanin Turmin Danya, fim ɗin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, da kaset ake fama. Ni kuwa kwamfuta na samu, amma wahalar zaɓi tana nan. Na kalli komai, na ware ɗauka mai kyau, na daidaita murya da motsin leɓe, na rage ƙarar janareto, sannan na jera bisa labari. Sai ga fim ya kai minti 22. Ke nan dole fiye da rabi ya tafi.

Nan fa ido ya raina fata, domin fitowar da ta fi tsawo ta aminiyata ce, wadda ta fito a matsayin yayar yarinyar. Minti uku tana kuka, kuka na gaske, har mai riƙe kyamara sai da ya share hawaye. Amma labarin tsayawa yake cak har ta gama.

Sai na tuna darasin malaminmu a kan Lev Kuleshov, wani ɗan fim na Rasha. Fiye da shekara 100 da suka wuce ya haɗa fuskar mutum ɗaya da kwanon miya, da gawar yarinya, da wata mace a kishingiɗe. Masu kallo suka ga yunwa, suka ga baƙin ciki, suka ga so, alhali fuskar ba ta sauya ba. Don haka na cire kukan, na bar fuskar yayar ta daƙiƙa huɗu, na bi ta da hoton jakar makaranta a rataye.

Da ta ji labari sai ta ce, "Haba ƙawata, ni za ki yi wa haka?" Mako guda ko gaisuwata ba ta amsawa. Ban yi zuciya ba, na je har gida na nuna mata duka biyun, na yi shiru. Ta daɗe tana kallo, can ta ce, "Bar shi da jakar."

'Yar uwa, mai tacewa amanar labari take riƙe, ko da ran masoyi zai ɓaci. Kuma kada ki ce aikin maza ne: Thelma Schoonmaker ta Amurka sau uku tana cin kyautar Oscar a kan tace fim. Idan kina da haƙuri da ido, ki gwada, ko da wayar hannu ce. Allah Ya ba mu sa'ar karatu, amin.