Ruwa Kafin Kifi

Wannan makon maganar kifi za mu yi. Akwai mutane a duniya da ke ajiye ɗan yankin teku a falonsu: akwatin gilashi cike da ruwan gishiri, da duwatsu, da murjani mai rai, da ƙananan kifaye masu launi kamar an shafa musu fenti. A cikinmu nan Boɗinga babu mai irinsa, ba mu kuma da niyyar saya. Labarinsa muka ji daga bakin wata 'yar'uwa mai bautar ƙasa da aka tura koyarwa a Shagari, wadda ta karanta kiwon kifi a jami'a. Mun roƙe ta ne ta duba mana tankin tarwada da zumuntar matasa ta kafa a bayan majami'a don tallafa wa asusunmu. Ta duba, ta gyara mana abin gyarawa, hira ta yi tsawo, ta ciro waya ta nuna mana hotuna. Abin da ta faɗa a kan wannan akwatin ya zo daidai da wata muhawara da muke ciki game da sabbin 'yan bautar ƙasa da ke tafe, shi ya sa muka ga ya dace mu rubuta.

Murjani dai mun san sunansa tun muna yara, a wuyan kakanninmu mata. Wancan jan murjanin na ado daga Bahar Rum ake samunsa, fatake suka riƙa ƙetaro hamada da shi. Ɗan'uwansa da ke gina tsaunuka a ƙarƙashin teku, irin wanda ke Bahar Maliya, shi ake sawa a akwatin gilashi. Dabba ce, ko da yake ido zai ce itace ne ko dutse. A cikin naman jikinta akwai wasu ƙananan tsirrai da ido ba ya gani, su ke amfani da hasken rana su haɗa abinci su ciyar da ita, ita kuma ta ba su masauki. In ruwa ya ɗara zafin da ta saba da shi da digiri ɗaya kacal, ya kuma daɗe haka na wasu makonni, sai ta kori tsirran nan, ta yi fari fat, in ba a yi sa'a ba ta mutu da yunwa. Haka ya faru da babban ɓangare na tsaunin murjanin Ostireliya, mai tsawon kilomita 2,300, a 2016 da 2017. Ko a gaɓar tekun Legas ba a samun irin waɗannan tsaunuka, domin koguna na zuba ruwan daɗi da laka mai yawa a wannan yankin, murjani kuwa ruwa garau yake so. Ruwan Gulbin Rima da ke gangarawa Kwara har ya kai teku yana cikin wannan lissafin.

Wani abin da ya ba mu mamaki shi ne, masana ilimin ƙasa sun ce yankin nan namu ya taɓa zama ƙarƙashin teku. Farin dutsen da ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti da shi cike yake da ɓawon halittun teku, a wajen Dange ma, maƙwabtanmu, an tono ƙasusuwa da haƙoran kifayen teku. Sinadarin wannan dutsen ɗaya ne da wanda murjani ke gina ƙashinsa da shi. Wato buhun simintin da muka zuba wa ƙasan tankinmu ma daga tsohon teku ya fito.

To, me ake bukata kafin a kafa wannan akwatin? Farko ruwa. Ruwan rijiya ko na famfo ba ya yi sai an bi da shi ta wani matacin da ke cire kusan duk abin da ya narke a cikinsa. Sannan a zuba gishiri, kimanin giram 35 a kowace lita, wato akwati mai lita 200 zai ci kilo 7. Gishirin miya ba ya yi, ko na Bilma ne, domin ruwan teku yana ɗauke da wasu sinadarai da dama, irin su kalsiyam da maganiziyam, sai dai a sayi haɗi na musamman. Akwai ma'aunin gwada ƙarfin gishirin, ana so ya tsaya wajen 1.025. Sai duwatsu masu ramuka, da yashi, da injin da ke kaɗa ruwa kamar igiyar teku dare da rana, da wani injin da ke tayar da kumfa ya kwashe datti, da fitila mai ƙarfi mai shuɗin haske saboda tsirran nan na jikin murjani. Zafin ruwan kuma ya tsaya tsakanin digiri 24 da 26. A Ingila injin ɗumama ruwa suke saya. Mu da Afrilu ke kai mu sama da digiri 40, sai dai injin sanyayawa, ga kuma wutar lantarkin da kowa ya san halinta. In injin kaɗa ruwa ya tsaya na wasu awoyi, iskar da kifi ke shaƙa ta ƙare, aikin shekara ya tashi a dare ɗaya. Da ta kai nan muka yi dariya muka ce mun gode, tarwadarmu ta ishe mu.

Amma abin da ya tsaya mana a rai shi ne mataki na gaba. Bayan mutum ya kashe wannan kuɗin, ya cika akwati, ya kunna komai, ruwa ya yi garau, ba ya sa kifi. Jira zai yi, sau da yawa mako huɗu zuwa shida, yana kallon akwatin da babu komai a ciki sai dutse. Dalili kuwa, kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, guba ce mai ƙona matsefin numfashin kifi. A teku akwai ƙwayoyin bakteriya da ke mayar da ita wata guba ta biyu mai suna naitirait, wasu kuma su mayar da wannan zuwa naitiret mai sauƙin illa. Sabon akwati ba shi da su. Sai an ɗan jefa abinci ya ruɓe, su tsiro a ramukan dutse su yawaita, ana gwada ruwan kowane 'yan kwanaki har gubar farko da ta biyu su sauka zuwa sifiri. Ido ba ya ganin bambancin ruwan ranar farko da na rana ta arba'in. Kifi ne ke gani, in an sa shi a na farko ya mutu, a na biyu ya rayu. Ko bayan nan ma ɗaya ko biyu ake sawa, a bar ƙwayoyin su kamo, sannan a ƙara. Murjani shi ne na ƙarshen shiga.

Ga inda maganar ta same mu. Nan da 'yan makonni sabon rukunin 'yan bautar ƙasa zai gama mako uku a sansanin Wamakko, a rarraba su ƙananan hukumomi, wasu su sauka Boɗinga, wasu a wuce da su Shagari. A cikinsu akwai masu bi, daga Binuwai, daga Filato, daga Enugu, daga Akwa Ibom. Mu kuma kaɗan ne. Ƙungiyar mawaƙa na neman mai kaɗa piyano, makarantar Lahadi na neman malami, sakatarenmu ya samu aiki ya koma cikin garin Sakkwato. A taron kwamitinmu na ƙarshe an kawo shawarar a rubuta guraben nan a takarda, ranar Lahadin farko da baƙi suka shigo a miƙa musu kowa ya zaɓa. Masu shawarar ba su da mugun nufi. Hujjarsu ita ce shekara ɗaya ce kawai mutanen nan za su yi, in an jira wata biyu an ci kashi ɗaya cikin shida, kuma wanda aka ba aiki ya fi zama da gindinsa.

Mu da ke rubuta wannan muna ganin a jira. Yawancinmu da aka haifa a nan tarwada ne. Tarwada tana da wata gaɓa a bayan matsefinta da ke ba ta damar shaƙar iskar sarari, shi ya sa za ka gan ta a kwatamin da ya kusa ƙafewa tana motsi, ko a cikin baho a kasuwa tana rayuwa tun safe. Mun saba da zafi, mun saba da ƙurar hunturu, mun san yadda ake gaisawa da maƙwabta, mun san abin da ake sawa a jiki da abin da ba a sawa, mun san yadda ake zama da mutunci lokacin azumin watan Ramadan. Wanda ya saba kuwa yakan ɗauka kowa haka yake. Yarinyar da ta taso a majami'a mai mutum dubu biyu, a garin da ake jin ƙararrawar sujada daga kowace unguwa, ta sauka a ɗaki ɗaya a Shagari, ba ta jin Hausa, mahaifiyarta na kiran waya kullum da dare tana kuka saboda labaran da take ji, wannan ba tarwada ba ce. Abin da take bukata a makon farko ba rajistar makarantar Lahadi ba ce. Tana bukatar wanda zai nuna mata inda ake sayen ruwan sha, wanda zai raka ta kasuwa ya koya mata "nawa ne" da "rage mini", da gidan da za ta ci tuwon dare ba tare da an tambaye ta baiwar da take da ita ba.

'Yar'uwar nan ta kuma nuna mana yadda ake shigar da sabon kifi. Ba a kwance leda a juye shi. Ana ɗora ledar a kan ruwan akwatin kamar minti goma sha biyar zafinsu ya daidaita, sannan a sa siririn tiyo yana ɗiga ruwan akwatin cikin ruwan da kifin ya zo da shi, ɗigo ɗigo, har wajen awa guda. Ruwan biyu duk masu kyau ne, sauyin gaggawa ne ke kisa. Mun tambaye ta, "Malama, ke wa ya ɗiga miki?" Ta ce wata uwa a zumuntar mata ce ta riƙa aika mata kunu da ƙosai ta hannun direban mota har sati uku, ba ta taɓa ce mata ta zo sujada ba. A sati na huɗu ita da kanta ta hau mota ta zo.

Littafi Mai Tsarki bai rasa irin waɗannan mutanen ba. A Ayyukan Manzanni sura 9, da Shawulu ya zo Urushalima, almajirai tsoronsa suka ji, Barnaba ne ya kama hannunsa ya kai shi wurin manzanni ya ba da shaida a kansa. A sura 11 kuma shi ne ya yi tattaki har Tarsus ya nemo shi, suka yi shekara guda tare a Antakiya. A sura 18 ga Afolos mutumin Iskandariya, gwanin magana, ya zo Afisa yana wa'azi da iyakar abin da ya sani. Bilkisu da Akila ba su tsayar da shi a gaban jama'a ba, gefe suka ja shi suka ƙara masa haske. Muna yawan karanta wa'azin da waɗannan mutane suka yi daga baya, mu tsallake ɗakunan da aka zauna da su tun farko.

Ɗaya daga cikin dattawan ikilisiya ya ji muhawarar ya ce mana, "'Ya'yana, kun yi magana mai kyau, amma wa zai koyar da yara har ku gama jiranku?" Muka ce, "Baba, mu." Tambayarsa ita ce mai tsada, domin amsar tana nufin wata biyu na rera waƙa da ganga da tafi ba piyano, da kuma wasu daga cikinmu su ɗauki aji biyu. Akwai kuma yiwuwar wani baƙon ya ga ba a ba shi komai ba ya ɗauka ba a son sa. Wannan gaskiya ne, maganinsa shi ne a faɗa masa a fili tun ranar farko cewa wurinsa na nan, a kuma bar wanda ya matsu ya kama aiki ya kama, domin ba kowane baƙo ne murjani ba.

Saura abu ɗaya da ya shafe mu mu 'yan gida. Ruwan akwatin yana ƙafewa kullum, amma gishiri ba ya tashi da tururi. Ruwa na raguwa, gishirin na ƙara ƙarfi. Saboda haka mai akwati ruwan daɗi yake ƙarawa, in ya ƙara na gishiri sai ya kashe komai. Kuma ƙaramin akwati ya fi babba wuyar riƙewa, domin ɗan canji kaɗan ya isa ya jirkita shi. Ubangiji ya kwatanta almajiransa da gishiri a Matiyu sura 5, mun kuma sha jin wa'azi a kan gishirin da ya sane. Ƙaramar zumunta irin tamu kuwa hatsarinta na wancan gefen ne. Mutane na tafiya, karatu ya ɗauke wannan, aure ya ɗauke waccan, waɗanda suka rage su yi ta tauri, tsohuwar maganar da aka yi shekara biyar da ta wuce ta yi ta ƙara ɗaci tsakanin mutum goma sha biyu. Baƙo na shigowa zai ji ta a jikinsa ko ba wanda ya gaya masa. Kafin Wamakko ta sallamo kowa, akwai 'yan'uwa biyu ko uku a cikinmu da ya kamata su zauna su yi magana, su ma sun san kansu.

Kwamiti ya amince a gwada haka da wannan rukunin. Takardar gurabe za ta zauna a aljihun mataimakin shugaba har mako shida. Kowane baƙo za a haɗa shi da gida ɗaya. Waɗanda aka tura Shagari, mutum biyu daga cikinmu za su riƙa zuwa musu kowace Asabar, kuɗin mota daga ribar tarwada, wadda za a fara kwashewa ƙarshen watan nan. Har yanzu muna neman gidaje uku da kuma mai babur ɗaya. Wanda Ubangiji ya taɓa zuciyarsa ya ga ma'ajinmu bayan sujadar Lahadi, ku kuma sa matafiyan nan cikin addu'a tun suna kan hanya.