Yola da Jimeta: Masu Tara Bayani, Masu Sa Suna

Motar da ta ɗauko mu daga Gombe ta bi ta Kaltungo da Cham, ta haye gadar Numan, kusa da inda Kogin Gongola yake zuba ruwansa cikin Binuwai, ta wuce Demsa da Ngurore, ta sauke mu a tashar Jambutu rana na tsaka. Abin da ya kawo ni shi ne in zauna da masu ilimin zamantakewa, wato soshiyoloji, malamansu da ɗalibansu da waɗanda suka gama suna neman abin yi. Ina so in ji ta ina labarin fanninsu yake iso musu, ina suke buga abin da suka rubuta, kuma wace ƙofa ce a buɗe gare su.

Duk wanda ya karanci wannan fanni, garin kansa zai fara ba shi aiki tun yana cikin Keke Napep. Gari biyu ne ake kira da suna ɗaya. Yola ta ciki ita ce wadda Modibbo Adama ya kafa a 1841, can fadar Lamiɗo take, Fulatanci ne a bakin dattawa, kuma can ne Bature Heinrich Barth ya iso a 1851 Lamiɗo Lawal ya sallame shi bayan 'yan kwanaki. Jimeta kuwa bakin ruwa ce ta raine ta. Jiragen 'yan kasuwar Turawa sun riga sojojinsu zuwa, kuma bayan an ci Yola da yaƙi a 1901, Lamiɗo Zubairu ya fita, ofisoshi da kantuna suka yi ta taruwa a wannan ɓangare. Yau a kasuwar Jimeta za ka ji Bachama da Kilba da Margi da Chamba da Ibo suna ciniki da Hausa, su juya su yi wa ɗan'uwansu magana da harshen gida. Tsakanin unguwannin Dougirei da Luggere tafiyar mintuna ce, amma rayuwar ba ɗaya ba ce.

Washegari na haye gadar Jimeta na bi hanyar Girei zuwa Jami'ar Modibbo Adama. An kafa ta a 1981 a matsayin jami'ar fasaha ta Gwamnatin Tarayya, aka sa mata sunan Modibbo a 2011, sai a 2021 aka cire mata takunkumin fasaha zalla ta zama jami'a mai koyar da kowane fanni. Wannan sauyi ba ƙarami ba ne ga jihar da matsalolinta mafi nauyi na zaman tare ne.

Wani malami da ya yi karatun soshiyoloji ya karɓe ni a ofishinsa. Da na tambaye shi yadda labarin fanni yake zuwa masa, sai ya miƙo mini wayarsa. Komai a WhatsApp yake: sanarwar taron ƙara wa juna sani, kiran a aiko da maƙala, gurbin aiki, tallafin karatu, ta'aziyyar wani farfesa, duk a jere. Ya ce wanda ba a saka shi a zauren ba sai ya ji labari bayan an rufe karɓa. Ƙungiyarsu ta ƙasa, wadda ake kira NASA, tun 1971 aka kafa ta, tana da mujallarta, tana taron shekara. Amma daga Yola zuwa yawancin garuruwan da ake irin waɗannan taruka, kuɗin mota da masauki da rajista kan cinye albashin ƙaramin malami. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, yana da kason halartar taro da na bincike da na buga littafi, kuma ya taimaki mutane da yawa, sai dai masu nema sun fi kason yawa.

Maganar mujallu ce ta fi ɗaukar mu lokaci. Malamin jami'a ba ya samun ƙarin girma sai da maƙalu, don haka kowa rubutu yake. Tambayar ita ce ina rubutun yake zuwa. Akwai mujallun sashe da na tsangaya, waɗanda ake bugawa 'yan kwafi kaɗan, marubuci ya karɓi nasa ya saka a fayil ɗin neman ƙarin girma, shi ke nan. Akwai na intanet da ba a san gidansu ba, masu karɓar kuɗi su buga cikin mako guda ba wanda ya duba. Akwai kuma na ƙwarai, irin waɗanda ake samu a rumbun AJOL da na cibiyar CODESRIA da ke Dakar, inda maƙala takan yi watanni a hannun masu tantancewa, ta dawo da gyara, wani lokaci a ƙi ta. Ya ce matashin da ke da iyali kuma lokacin ƙarin girmansa ya matso, da wuya ya zaɓi ta ukun. Ban ga laifinsa ba. Laifin na tsarin da ke ƙirga maƙala ne ba ya karanta ta.

Na tambayi ɗaliban da na tarar a inuwar wata bishiya littattafan da suka sani a kan jiharsu. Sun san Durkheim da Weber da Marx, sun haddace su don jarrabawa. Ƙalilan ne suka taɓa riƙe littafin Sa'ad Abubakar na 1977 a kan sarakunan Fombina, wato masarautar Adamawa, ko na Kirk-Greene na 1958 a kan Adamawa, balle aikin Richard Fardon a kan Chamba ko na Niels Kastfelt a kan Kiristanci da siyasa a ƙasar Bachama. Littafin da aka rubuta a kan kakan yaro, aka buga a Landan ko Washington, kuɗinsa ya fi ƙarfin uban yaron. Wannan ya daɗe yana ci mini rai.

Amma abin da ya fi tsaya mini a wannan tafiya shi ne shekarar 2014. A ƙarshen Oktoba na shekarar Boko Haram ta kama Mubi, bayan Madagali da Michika. Mutane suka kwararo kudu, a ƙafa da bayan manyan motoci, wasu ta cikin Kamaru. An ƙiyasta kimanin mutum 400,000 suka shigo Yola da Jimeta, adadin da ya kusa ninka jama'ar garin. An buɗe sansani a Damare da Malkohi da Fufore. Bishop Stephen Mamza ya buɗe harabar cocin Saint Theresa. Jami'ar Amurka ta Najeriya, ƙarƙashin shugabarta ta lokacin Margee Ensign, tare da malaman Musulunci da na Kirista da suka haɗu a ƙungiyar zaman lafiya ta Adamawa tun 2012, ta yi ta rabon abinci ga dubban ɗaruruwa. Duk wannan an rubuta shi, kuma ya cancanta.

Sai dai ƙididdigar hukumar ƙaura ta duniya, IOM, ta nuna cewa kusan tara cikin goma na 'yan gudun hijirar arewa maso gabas ba a sansani suka zauna ba, a gidajen mutane suka sauka. Ma'ana, direba da malamin firamare da mai sayar da ƙosai su ne suka ɗauki nauyin. Gida mai ɗaki uku ya kwana da mutum arba'in. Wa ya yanke shawarar wanda za a karɓa? Dangi ne kawai, ko har ɗan garinsu, ko har wanda ba addininsu ɗaya ba? Yaya aka raba tukunya, yaya matar gida ta ji da kishiyoyin da ba na aure ba a madafinta, yaushe haƙuri ya fara ƙarewa, kuma me ya hana garin fashewa alhali bama-bamai sun tashi a kasuwar Jimeta da masallacin Jambutu da sansanin Malkohi a 2015? Waɗannan tambayoyi ne na mai ilimin zamantakewa tsantsa, kuma masu amsoshinsu suna nan da rai, suna tsufa.

A Jimeta na zauna da wata matashiya da ta gama digirinta a wannan fanni, wadda tun daga lokacin take aikin tattara bayanai ga ƙungiyoyin agaji. Malam take ce mini, ni kuma ina ce mata ƙanwata. A nan ne damar aiki take ga irinta, in ji ta, kuma ba ta raina ba: da kuɗin ta yi wa ƙannenta makaranta. Ana ba su horo na 'yan kwanaki, a miƙa musu waya mai ɗauke da tambayoyi da Turanci, su shiga unguwa su juya su zuwa Hausa ko Fulatanci ko Margi, su danna amsa. Da yamma bayanin ya tafi ta intanet. Ta ce sau da yawa tsohuwa takan amsa tambayar da ke cikin waya da kalma ɗaya, sannan ta yi rabin sa'a tana ba da labarin da ya fi amsar muhimmanci, kuma babu gurbin da za a saka shi. Rahoton yakan fito da Turanci, da sunan ƙwararren da ya zo na mako biyu. Ita da ta sha ranar, ko a shafin godiya ba ta ganin sunanta. Kamar manomin da ya yi noma ya yi girbi ne, aka auna hatsin a wata kasuwa da bai san hanyarta ba.

Na gaya mata, kuma ina nan a kan bakana, cewa wannan rabin sa'ar ita ce jarinta. Manyan fannin a ƙasar nan daga irin wannan suka fito. Nathaniel Fadipe ya rubuta kundinsa a kan zamantakewar Yarbawa a 1939, bai ga fitowarsa littafi ba sai a 1970 aka buga, bayan rasuwarsa. Peter Ekeh ya dubi yadda ɗan Afirka yake riƙon amanar ƙungiyar garinsu ya yi sakaci da ta gwamnati, ya fitar da maƙalarsa ta 1975 da har yau ake koyarwa a duniya. Akinsola Akiwowo ya tono ma'anonin zaman tare daga adabin baka na Yarbawa. Ibrahim Tahir ya zauna da malamai da attajiran Kano ya rubuta kundinsa na Kambirij a 1975. Babu ɗayansu da ya jira a aiko masa da tambaya daga waje. Littafin rubutu da izinin mai magana da haƙurin komawa gida ɗaya sau da yawa, su ne kayan aikin, kuma ba su fi ƙarfin mai digiri ɗaya ba.

Da na koma hayin gada na ratsa ta Sangere-Margi, inda cocin Katolika ta gina wa waɗanda ba su iya komawa gida ba gidaje 86, ta gina wa Musulmin cikinsu masallaci, aka buɗe a 2021. Yaran da aka goyo daga Madagali yanzu samari ne da 'yan mata, Hausar Jimeta ce a bakinsu. Ko su 'yan ina ne yanzu, wannan ma kundin digiri ne guda.

Zamana na ƙarshe a bakin Binuwai na yi shi, da wani ɗalibin digiri na biyu da ke bincike a kan ambaliya. Ruwan 2012 da na 2022 sun ci gonaki da gidaje a nan, kuma kowa a bakin kogin ya san sunan madatsar Lagdo ta Kamaru, wadda aka gama a 1982. Yana tambayar masunta da masu noman rani yadda labarin sakin ruwa yake iso musu, wa suke yarda da shi, kuma me ya sa wasu ba sa tashi ko an yi shela. Ya lura cewa waya daga ɗan'uwa a Garwa, can Kamaru, ta fi sanarwar rediyo saurin tayar da mutane. Ya san taron ƙungiyar masana zamantakewa ta duniya da aka yi a Rabat a 2025, ya san CODESRIA tana ba matasa horo tun kafuwarta a 1973, kuma yana da niyyar nema. Amma abin da ya fi buƙata yanzu ya fi kusa: malami a Jami'ar Ngaundare ko ta Garwa da ke nazarin ɗaya gefen kogin, da wanda zai karanta masa rahotannin da aka rubuta da Faransanci. Garwa ta fi Abuja kusa da Yola nesa ba kusa ba, kuma da Fulatanci zai yi hirarsa da masuntan can. Yana tara kuɗin mota ne, yana jiran takardar gabatarwa daga sashensu, so yake ya tafi kafin ruwan bana ya sauka.