Takalmin Tsohon Hedimasta

Duk wanda ya zauna a ƙasar Hausa ya san cewa Bahaushe mutum ne mai yawan tuɓe takalmi. Yakan tuɓe shi a ƙofar masallaci, da bakin zaure, da gaban sarki ko malami ko suruki, da ma duk inda aka shimfiɗa tabarma. Saboda haka ne dukawanmu tun zamanin da suka fi mayar da hankali ga takalman da ake zura wa ƙafa ba tare da ɗauri ba, irin su fade da kubutai. Sana'ar kuwa tsohuwa ce, domin lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya ziyarci Kano a shekarar 1851, ya tarar takalma na cikin manyan kayan da fatake ke fita da su daga birnin zuwa ƙasashe masu nisa. To, amma mai lafiya ba ya lura da yawan sawa da tuɓewar nan, sai ranar da jiki ya gaza.

Abin da ya faru ke nan da wani tsohon hedimasta a cikin birnin Kano, wanda ya share shekaru talatin da biyar yana koyarwa. Bayan ya yi ritaya sai ciwon hawan jini ya kai shi ga shanyewar ɓarin jiki na hagu. Da sauƙi ya samu, magana ta dawo, ya kuma soma takawa da sanda, amma hannun hagu bai ƙara moruwa ba, ƙafar hagu kuma jan ta yake yi, yatsunta suna sharar ƙasa. Burinsa shi ne ya koma sallar jam'i a masallacin unguwa. Tafiyar ba ta gagare shi ba, takalmi ne ya zame masa ƙarfen ƙafa. Mai igiya ba ya ɗauruwa da hannu ɗaya, silifa kuwa da ya ɗaga ƙafa sai ta suɓuce, kasancewar yatsu ne ke riƙe ta, nasa kuma sun daina riƙo.

Da farko wani jikansa ne yake raka shi, ya durƙusa a ƙofar masallaci ya cire masa, in an idar ya mayar masa. Tsohon ya ƙirga ya ga tsakanin alwala da salloli biyar da karɓar baƙi, yaron yana durƙusa masa kusan sau ashirin a yini, har yakan makara zuwa makaranta. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana horon masu makara bai iya jure wannan ba. Sai ya ce a bar shi ya riƙa salla a ɗaki. Daga nan walwalarsa ta ragu, cin abinci ya ja baya, ƙafar da ta soma ƙarfi ta koma yin nauyi saboda zama.

Ana cikin haka labari ya kai kunnen wani baduku a kasuwar Ƙofar Wambai, wanda tsohon ɗalibinsa ne da ya bar makaranta a aji huɗu. Ya zo dubiya, ya durƙusa ya yi gaisuwa, sannan ya ce, “Allah gafarta Malam, a ba ni izini in gwada.”

Tsohon ya yi murmushi ya ce, “Ɗana, ’ya’yana sun sayo har na ƙasashen waje, ba a dace ba.”

Baduku ya ce, “Malam, waɗannan an yi su ne kafin a ga ƙafarka.”

Gwajin farko kubutai ya ɗinka da jar fatar akuya, irin wadda majema ke jemewa da bagaruwa, a rina da karan dafi, wato fatar da Turawa suka daɗe suna kira ta Maroko, alhali da yawa daga cikinta daga ƙasar Hausa take ƙetare Sahara. Takalmin ya yi kyau, ya shiga ba wahala, amma tun kafin a fita soro na hagu ya faɗi. A nan baduku ya fahimci ainihin matsalar: duk abin da ya sauƙaƙa shigar ƙafa shi ne kuma yake sauƙaƙa fitarta. Aikin mai tsara irin wannan takalmi shi ne ya raba biyun, bakin ya buɗe lokacin sawa, ya kama lokacin tafiya.

A gwaji na biyu sai ya yi masa maɗauri da abin nan mai mannewa da ake kira Velcro. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, George de Mestral, shi ya ƙirƙiro shi bayan ya lura a 1941 da yadda ƙayoyin wani tsiro ke maƙalewa a tufafinsa da gashin karensa, tamkar yadda ƙarangiya ke yi wa mai ratsa daji, ya kuma sami rajistar ƙirƙirar a 1955. Wannan maɗauri yana buɗuwa da hannu ɗaya, ya kuma riƙe ƙafar sosai. Sai dai dole mai shi ya sunkuya, tsohon kuwa hannunsa mai lafiya yana kan sanda, in ya sake ta ya duƙa sai jiri ya ɗebe shi. Ya mayar wa baduku takalmin yana ba shi haƙuri.

Maimakon ya yi fushi, baduku ya ajiye basilla da almakashi, ya zo ya yini a gidan yana kallo kawai. Ya lura ƙafar hagu takan kumbura da yamma, ashe awon da ya yi da safe bai cika ba. Ya lura ƙafa mai danshin alwala ba ta zamewa cikin fata mai kaushi. Ya ga yadda gaban takalmi ke tuntuɓe da dokin ƙofa. Bugu da ƙari, ya gano cewa tsohon yana da mataimaka biyu da ba a yi lissafi da su ba, wato ƙafar dama da bakin sanda.

A kan wannan ya gina takalmi na uku. Ya sa fata mai tauri a diddige, ya tanƙwasa samanta waje kamar bakin cokali, yadda dunduniya za ta silale ciki ba tare da ta danne bayan takalmin ba. Ya tsaga gefe biyu ya ɗinka roba mai talewa, wadda ke buɗewa in ƙafa ta matsa, ta koma ta tsuke in ta shige. Ya shimfiɗa fata mai santsi a ciki, ya ɗan ɗaga gaban takalmin sama, ya sa tafi marar nauyi wanda ba ya zamewa a jiƙaƙƙen siminti. Na hagu ya fi na dama faɗi kaɗan. A ƙarshe ya bar ɗan leɓe a bayan kowane tafi, domin in za a cire na hagu ƙafar dama ta taka shi, in na dama ne a danne da sanda.

Abin sha'awa shi ne manyan kamfanonin duniya ma ta wannan hanya suka bi. A 2012 wani yaro ɗan shekara 16 a Amurka, Matthew Walzer, wanda aka haifa da lalurar da ta hana hannunsa ɗaura igiya, ya rubuta wa kamfanin Nike wasiƙa cewa yana son ya tafi jami'a ba tare da wani ya ɗaura masa takalmi ba. Mai tsara takalman kamfanin, Tobie Hatfield, ya yi aiki tare da shi, har aka fitar da samfurin FlyEase a 2015, sannan a 2021 aka fitar da wanda ake sawa ba tare da hannu ba. A can da nan, mai buƙatar ne ya zama malamin mai sana'ar.

Ranar da aka kawo takalmin, tsohon ya miƙe, ya dogara sanda, ya zura dama, ya zura hagu, ya taka zuwa ƙofar gida ya dawo. Ya cire su a tsaye, ya sake sawa. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya tambayi kuɗin aiki. Baduku ya ce ai an biya tun a aji huɗu. Sai tsohon ya ce, “Ɗana, na tuna lokacin da na ce ba ka da ƙoƙari. Yau na gane awo ɗaya na yi wa ajinku duka, wanda bai shiga ba na ce ƙafarsa ce da laifi. Ka yafe mini.”

Baduku ya sunkuyar da kai ya ce, “Haba Malam, ba ka yi mini komai ba.”

Da aka kira sallar Magariba, jikan ya taso don ya raka shi kamar yadda ya saba. Tsohon ya ce ya koma ya ƙarasa aikin makarantarsa. Ya fita shi kaɗai, ya tuɓe takalminsa a ƙofar masallaci cikin takalman jama'a, ya shiga sahu.