Ajiyar Wuri Ɗaya

A hunturun shekarar 2023 malaminmu na al'ada ya ba kowane ɗalibi aikin nazarin sana'ar gargajiya guda ɗaya. Ni ban sha wahalar zaɓe ba. Ko da yake a Ikara aka haife ni, kakana na wajen uwa manomin rake ne a wani ƙauye kusa da Maƙarfi, kuma tun yana saurayi yake dafa mazarƙwaila. Kwana tara na yi a wurinsa ina ɗaukar hoto da wayata: dokin da ke kewaya injin matsa, da ruwan raken da ke tsiyaya, da tuƙar da ake shanyawa don hura wuta, da kaskon da ruwan ke tafasa a ciki har ya yi kauri a zuba shi a ƙananan kwanoni. Duk lokacin da na ɗaga wayar sai tsohon ya ce, "Kai ɗan boko, rake ake sha, ba kallonsa ake yi ba." A cikin azumin 2024 Allah ya yi masa rasuwa. Allah ya jiƙansa.

Bayan sallah wayar ta nemi in sabunta manhajarta, na kuwa amince mata ba tare da na jona ta da caji ba, alhali na san batirin ya tsufa. Aiki bai kai rabi ba ta ɗauke. Da na sake kunna ta sai ta nuna tambarinta, ta mutu, ta sake nunawa, haka ta kwana tana yi. Hotuna sama da ɗari uku suna ciki, ba ni da kwafin ko ɗaya, domin tun tuni na kashe ajiyar intanet saboda tsadar data.

Mai gyaran da na fara kai wa ya ce aikin minti talatin ne, zai yi mata filashin ta koma sabuwa. Na tambaye shi hotuna fa? Ya ce ai wannan sai haƙuri. Na karɓi abata. Na biyun, wani dattijo a Zariya, shi ne ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Ya ce wayoyin Android na yanzu, musamman waɗanda suka fito da zubi na 10 na shekarar 2019 zuwa sama, a kulle suke ajiye duk abin da aka zuba musu, kuma mabuɗin yana haɗe da lambar sirrin mai waya da kuma kayan cikin ita wayar. Saboda haka ko an ɓamɓaro ma'ajiyar an ɗora a wata na'ura, ba abin da za a karanta. In kuwa aka mayar da waya yadda ta fito daga kamfani, mabuɗin ne ake jefarwa, ɗakin kuma ya rufu har abada. Hanya ɗaya ce ta rage, wato a samo manhajar da ta dace da ainihin samfurin wayar, a sake ɗora ta ba tare da an taɓa sashen ajiya ba. "Samari," in ji shi, "ba ni mako biyu, amma ban yi maka alkawari ba."

A cikin makonnin nan na tuna cewa na taɓa tura wa 'yan'uwa wasu hotunan ta WhatsApp. Na bi su gida gida. A Ikara na sami huɗu a wayar ƙanena, a Hunƙuyi ta ƙaramar hukumar Kudan kuma na sami bakwai a wajen gwaggona. Duk sun yi dusu-dusu, domin manhajar takan rage nauyin hoto kafin ta aika. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, goma sha ɗayan nan da na bayar ba tare da na ɗauke su da muhimmanci ba su ne suka tsira, waɗanda na fi ji da su kuwa, na ɓoye don kada wani ɗalibi ya riga ni amfani da su, su ne suke bakin halaka.

Wannan darasi ba sabo ba ne ga ɗalibin Hausa, mantawa kawai na yi. Littattafan malaman jihadi sun iso mana ne saboda almajirai sun yi ta kwafarsu da hannu, har ya zama in gara ta ci na Zariya, akwai na Kano ko na Sakkwato. Tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tara aka buga tsakanin 1911 da 1913 sun rayu kafin zuwansa ne domin suna bakin mutane da yawa. Gidan Arewa da aka kafa a Kaduna a 1970 ma aikinsa ke nan, tarawa da adanawa don kada gobara ɗaya ta cinye tarihi. Mu kuwa da muke taƙama da na'ura, sai ga shi muna tara waƙoƙi da hirarrakin tsofaffi da hotunan sana'o'i a cikin abin da batir ɗaya zai iya kashewa.

Ranar kwana na goma sha shida dattijon ya kira ni. Ya miƙo mini wayar tana neman lambar sirri. Hannuna na rawa na danna, ta buɗe, ga doki, ga kasko, ga Kaka yana harara ta. Kafin in bar shagon sai da muka juye komai a kwamfutarsa da kuma katin ajiya.

Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce, duk wanda ya dawo daga aikin fili kada ya kwana sai ya yi wa kayansa kwafi biyu a wurare dabam-dabam, kada kuma ya sabunta manhaja kafin ya yi haka. Ina kuma roƙon malamanmu da su duba yiwuwar karɓar kwafin hotuna da muryoyi tare da kundin kowane ɗalibi, a ajiye a sashe.

Ni dai na wanke ashirin a takarda na raba wa dangi. Da na kai wa kakata nata, ta daɗe tana duba guda ɗaya, sannan ta ce hular da ke kansa ita ta saya masa a kasuwar Maƙarfi, ta ɗaga tabarma ta sa hoton a ƙarƙashi.