Mako guda a kan shafin Hajiya

Litinin

Hajiya mai shagon atamfa a Kantin Kwari ta kira ni da sassafe. "Ɗana, masu sayen kayana na ƙauye sun ce kafin shafina na intanet ya buɗe, datarsu ta ƙare." Na gwada shi a ƙaramar wayar Android irin wadda yawancinsu ke riƙewa, kuma maganarsu gaskiya ce. Na auna da Lighthouse, ma'aunin da ke cikin Chrome. Mizanin Google shi ne babban hoto ko rubutun shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Namu ya zarce haka nesa ba kusa ba.

Talata

Yau hotuna na sa a gaba, don su ne suka fi nauyi. An ɗora su yadda kyamara ta ɗauko su, ba a rage ba. Na bi da su ta manhajar matse hoto ta Squoosh ina gwada tsarin WebP, wanda Google ta fitar a 2010, da AVIF da ya zo a 2019. AVIF ya fi matse hoto, amma atamfa ba ta son ganganci: idan aka matsa da yawa sai ƙananan zanen su dushe, alhali mai saye zanen take dubawa kafin ta tambayi kuɗi. Don haka kowane hoto sai na sa masa ido. Na kuma saita hotunan ƙasa kada su sauko sai mai dubawa ya kusa isa gare su.

Laraba

Ranar da na fi jin daɗi. Tsohon shafin cike yake da JavaScript da ba aikin da yake yi sai auna faɗin allo da jera katunan kaya. Tun Fabrairun 2023 manyan burauzoji duka suka amince da dabarar CSS da ke barin kati ya duba faɗin gurbin da yake ciki ya daidaita kansa. A Disambar shekarar Firefox ta karɓi :has(), wanda ke sa akwati ya sauya kama gwargwadon abin da ke cikinsa. Da shi na sa katin duk atamfar da ta ƙare ya yi fari-fari, da layi biyu kacal. Ni a ganina wannan ne ci gaban da ya fi amfanar mutanenmu a shekarun nan, domin abin da burauza ta iya da kanta ba sai an sa talaka ya saya da datarsa ba.

Alhamis

Haruffa masu lanƙwasa. Salon rubutun da aka zaɓa a da ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, sai waya ta aro su daga wani salon, su fito a karkace tsakiyar kalma. Na koma Noto Sans, na yanke duk haruffan da ba ma buƙata, na ajiye shi a tsarin WOFF2. Na kuma shaida wa burauza cewa harshen shafin Hausa ne.

Juma'a

Aiki kaɗan kafin masallaci. Na duba saurin amsa maɓalli, ma'aunin INP da Google ta shigar cikin manyan ma'aunanta a Maris 2024. Ana so kada ya wuce milisakan 200, kuma mun shiga.

Asabar

Na je Kwari. Yaron shago ya buɗe shafin a wayarsa a tsakiyar cunkoso, inda sabis ke wahala, hotuna suka fito ba jira. Hajiya ta daɗe tana duba launin wata shuɗiyar atamfa a allo tana gwada shi da ta hannunta, ta ce ya yi daidai. Sannan ta ce tana son maɓallin WhatsApp a ƙarƙashin kowace atamfa, saƙon ya zo mata ɗauke da sunan zanen. Na ce, "An gama, Hajiya, ranar Litinin in sha Allahu."