Abin da Ya Tsaya Mini a Maƙogwaro

Akwai ciwon da ke kwantar da mutum, kowa ya zo gaishe shi. Akwai kuma wanda mutum ke yawo da shi, yana noma, yana cin kasuwa, ba wanda ya sani sai shi. Irin na biyun nan nake so in yi magana a kai, wato jin kamar wani abu ya tsaya a maƙogwaro, kamar ƙwallon magarya ko guntun goro. A haɗiyi yawu, yana nan. A yi kaki, ba abin da zai fito. A sha ruwa, ya ɗan lafa, can kuma ya dawo.

Ni nawa ya fara ne a shekarar 2005, shekarar da hatsi ya yi tsada ƙwarai a ƙasar Maraɗi, bayan fari da fara sun ɓata amfanin gona a 2004. A cikin wannan hali yayana ya rasu, ya bar mini yara biyar ban da nawa. Ni ne babba yanzu, saboda haka ni ne mai ba kowa haƙuri. Ba a yi wata biyu ba sai na soma jin abin nan a wuyana. Na bar rera waƙa a ƙungiyar mawaƙa ta ikkilisiya, don ina tsoron muryata za ta sarƙe. Da dare kuwa sai in kwanta ina lissafi: idan ciwon daji ne, wa zai riƙe yaran nan?

Masu ba da shawara ba su yi kaɗan ba. Gwaggona ta ce belu ne, a kira wanzami ya yanke. Wani maƙwabci ya ce jifa ce. Wani kuma ya ce maƙoƙo ne ke tsirowa ta ciki. Matata ita ce ta matsa mini in je asibiti.

Likita ya laluba wuyana, ya haska maƙogwarona da fitila da ɗan madubi, sa'an nan ya yi mini tambayoyi. Tuwo yana wucewa? Na ce yana wucewa sarai, hasali ma lokacin cin abinci ne nakan manta da abin. Akwai zafi in na haɗiya? Babu. Na rame? Ba fiye da kowa ba a wannan shekara. Sai ya ce ba abin da ya maƙale mini, amma kuma ba ƙarya nake ji ba.

Ga bayanin yadda na fahimce shi. A bakin hanyar abinci, daidai ƙasan maƙogwaro, akwai wata tsoka mai kama da zobe. A rufe take, sai za a haɗiya ta buɗe. Idan ta ɗaure fiye da kima, ko fatar wurin ta ji haushi, sai mutum ya riƙa jin ƙulli alhali hanya a buɗe take. Likitoci suna kiran wannan globus, kalmar Latin ce mai nufin dunƙule. Tun zamanin likitocin Girka na dā aka san shi, kuma mutane da yawa sukan ji shi ko sau ɗaya a rayuwarsu.

Abubuwan da ke jawo shi sanannu ne. Na farko ƙwannafi, wato ruwan tsami na ciki da ke tasowa sama, musamman ga mai cin abinci da yawa ya kwanta nan take. Akwai majina da ke gangarowa daga bayan hanci, da ƙurar hunturu mai busar da maƙogwaro, da taba. Yawan kaki da gyaran murya suna ƙara shi. Sai kuma damuwa da baƙin ciki. Duk wanda ya taɓa danne kuka a wurin jana'iza ya san yadda wuya ke ɗaurewa. To, wani nasa minti biyar ne, wani kuwa ya yi watanni.

Likitan ya ba ni maganin rage tsamin ciki. Ya ce in bar sa'a uku tsakanin tuwon dare da kwanciya, in rage barkono, in kurɓi ruwa duk lokacin da na ji zan yi kaki. Daga ƙarshe ya tambaye ni ko akwai wanda nake gaya wa damuwata. Na yi shiru.

Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Gaskiya ne, rufin asiri abu ne mai kyau. Amma na ga cewa ba kowace magana ce ciki ke iya narkarwa ba. Na sami wani dattijo a ikkilisiyarmu, na zauna na gaya masa tsorona duka, na yi kukan yayana wanda ban samu na yi ba. Muka yi addu'a. Ya kuma faɗa wa 'yan'uwa, suka taimaka da kuɗin makarantar yara biyu. Abin bai tafi rana ɗaya ba, sannu a hankali ya riƙa raguwa har kaka ta zo.

Ɗan'uwa mai karatu, kada ka ɗauki labarina ya zama gwajinka. Idan abinci yana tsaya maka da gaske, ko kana jin zafi wajen haɗiya, ko kana ramewa ba dalili, ko muryarka ta dushe fiye da mako uku, ko akwai kumburi a wuya, ko jini a kaki, ko ciwon kunne gefe ɗaya, ka tafi asibiti ba da jinkiri ba, balle in kana shan taba ko giya. Wanda ƙayar kifi ta maƙale masa ma haka. Kada a kai wa belu aska, gama ba shi ne mai laifi ba, yankansa kuwa yakan jawo zubar jini da sarƙewar haƙora.

In an duba ka an ce lafiya lau, ka gode wa Allah, ka bi shawarar likita. Sa'an nan ka nemi amintaccen mutum guda, ka faɗa masa abin da ka daɗe kana haɗiyewa.