Kafin ɗan kwikwiyon nan ya saba da kai

Jikana, zo ka zauna nan kan tabarma. Tun la'asar nake jin kukan ɗan kwikwiyon da ka shigo da shi ka ɗaure a bayan ɗaki da igiyar shanya. Na leƙa, ko kaskon ruwa babu a gabansa. Kwantar da hankalinka, ba cewa zan yi ka mayar da shi ba. Ni ma na riƙe kare a gidan nan lokacin da muke da garken awaki, shi ya sa nake so mu yi magana tun da wuri.

Duk dabbar da ka ɗaure, ka raba ta da hanyar neman abincinta, daga ranar kuwa cinta da shanta sun hau wuyanka. A Islamiyya an ba ku labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa: ta tsare ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. An kuma ba ku na mutumin da Allah ya gafarta wa don ya ɗebo ruwan rijiya ya shayar da kare mai ƙishi. Malamai sun yarda a riƙe kare don tsaron dabbobi ko gona ko farauta, saboda haka idan zai zauna, wurinsa yana can kusa da turken awaki, a inuwa. Ka san zafin Mubi a watan Maris da Afrilu. Karen da aka ɗaure a rana da gajeriyar igiya, shi ne yake zama mafaɗaci, sai a zo ana cewa halinsa ne.

Sai maganar allura, wadda ba na wasa da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kimanin 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan huɗu cikin goma kuma yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Da zarar alamunsa sun bayyana, mutum ya fara firgita da ganin ruwa, to sai addu'a. Amma rigakafinsa yana nan, har a ƙasar nan ake yin sa, a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom da ke Filato. Kwikwiyo ya cika wata uku a yi masa, a riƙa maimaitawa duk shekara, ka adana katin. In kuma kare ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a wuce asibiti a ranar. Kada a tsaya shafa toka ko ɗaura gashin karen. Ka kuma kiyayi mai yawo a kan babur da jaka yana cewa shi dokta ne. Allurar rigakafi a cikin sanyi take rayuwa, wadda ta wuni a jaka cikin rana kuwa ta riga ta lalace. Ka kai shi asibitin dabbobi da ƙafarka.

Abin da ya sa na kira ka dai wani ne daban. Rana za ta zo da za ka kasa riƙe karen nan, ko karatu ya ɗauke ka zuwa Yola, ko abinci ya yi wuya. A ranar za ka ga mai cewa, "Kawo shi nan, ni zan kula maka da shi."

Kana goye a bayan mahaifiyarka ranar Laraba, 29 ga Oktoba 2014, da 'yan Boko Haram suka shigo garin nan. Mun fita da ƙafa ta hanyar Maiha, ni ina kora awaki bakwai, karena Duna yana biye da mu ba tare da an kira shi ba. Shekararsa shida a hannuna. A wani ƙauye da muka yada zango, mata sun gaji, yara suna kuka, sai ga wani mutum fes da shi, da hula da carbi da littafin rubutu a hannu. Ya ce shi yana tattara dabbobin 'yan gudun hijira ne saboda Allah, zai riƙe har ƙura ta lafa, ko sisi ba ya so. Ya rubuta sunana, ya rubuta adadin awakin. Rubutun nan ne ya sa na saki jiki. Na miƙa masa awakin, na ɗaura wa Duna igiya na ba shi, har na ƙara masa da kuɗin dusa. Ban tambayi inda gidansa yake ba. Ban ce mu je gaban Jauron ƙauyen ba, alhali ƙofar Jauron ba ta fi taku ɗari daga inda muke tsaye ba. Duna ya turje, yana waiwayena. Na daka masa tsawa na ce ya bi.

Maharba da 'yan banga da sojoji sun ƙwato garin a tsakiyar Nuwamba, mu kuma ba mu dawo ba sai da sanyi ya shiga sosai. Na koma ƙauyen nan neman kayana. Babu wanda ya san mutumin, ashe shi ma baƙo ne. Wani yaro ya ce mini tun a makon da na ba shi aka loda awakin a mota, karnukan kuma an sayar wa fataken da ke zuba su a keji suna kaiwa kasuwar Dawaki a Filato. Fataken ban riƙe su a zuciya ba, sana'arsu ce, da rana tsaka suka saya, kuma kowace al'umma da abincinta. Awaki dukiya ce, Allah ya mayar mini da wasu. Abin da har yau yake hana ni barci wani dare shi ne da hannuna na ɗaura igiyar.

A ƙauyen nan dai, maƙwabciyarmu ta bar tumakinta wajen wata tsohuwa. Da farko tsohuwar ƙi ta yi. Ta ce harawarta ba za ta ɗauki fiye da biyu ba, sai da aka je gaban Jauro aka raba sauran wa wani gida. Da aka dawo, ta mayar da tumakin har da ɗan da aka haifa a hannunta. Tun daga nan na gane cewa mai riƙon amana yakan fara duba rumbunsa kafin ya ce to, yakan yi tambaya, yakan ma ƙi. Wanda yake karɓar ko nawa aka kawo, ba ya tambayar me dabbar take ci ko tana da ciwo, kuma kullum yana sauri, ka tambayi kanka ina yake kai su. Dama al'adarmu ta tanadi hanya: dabbar tsintuwa gidan mai unguwa ake kai ta, a yi cigiya, kowa ya shaida.

Yanzu irin mutumin nan ya koma cikin wayarku. Ranar nan ka nuna mini hoton bidiyo, maciji ya naɗe ɗan kwikwiyo, wani ya zo ya cece shi, a ƙasa an sa lambar asusun banki. Wa ya tsaya riƙe da waya yana ɗauka, dabba tana shan wuya, har mai ceton ya iso? Da yawa su suke jefa dabbar cikin haɗarin da kansu, abin ya yi yawa har YouTube ta haramta irin waɗannan a 2021. Akwai masu yi da gaskiya, ban musa ba, amma na gaskiya yana da ƙofar gida da za ka je ka gani, yana da likitan dabbobi da zai shaide shi, kuma ba ya fushi idan ka ce kana son ganin dabbar bayan wata guda. In sadaka kake so, ga jakunan masu ɗibar yashi a bakin kogin Yedzaram da gyambo a baya, kuɗin maganinsu bai kai na katin wayarka ba.

Tashi ka kwance igiyar shanyar nan, ta shaƙe masa wuya. Akwai tsohon kasko a bayan rumbu, na Duna ne, wanke shi ka cika da ruwa. Ka tambayi wanda ya ba ka shi ranar da aka haife shi, mu ƙirga wata ukun tare. Ranar da za a kai shi allura ka tashe ni, zan raka ka.